Tsokokin nesa: Yadda jiki ke sarrafa yatsa, ido, harshe da ƙafa daga wani wuri

Duk wanda ya dunƙule hannunsa na dama da ƙarfi, sannan ya dafa sangalin hannun da hagunsa, wato tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, zai ji naman wurin ya taso ya yi tauri. Idan ya riƙa motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, zai ji wani abu yana zillo a ƙarƙashin fata, can nesa da yatsun da ke motsin. Abin da yake ji ɗin shi ne tsokokin da ke lanƙwasa yatsun. Su yatsun kansu babu tsokar motsi a cikinsu, ƙashi ne da gaɓoɓi da kitse da fata, sai kuma wasu fararen igiyoyi da suka sauko daga sama.

A jikin ɗan Adam akwai tsokoki fiye da 600. Masana ƙirar jiki sun kasa tsokokin wasu sassa, kamar hannu da ƙafa da ido da harshe da maƙogwaro, gida biyu. Kashi na farko su ne waɗanda suka faro a cikin sashen kuma suka ƙare a cikinsa, ana iya kiransu tsokokin gida. Kashi na biyu su ne waɗanda tushensu yake a wani wuri dabam, amma suka miƙo suka kama sashen suna juya shi. Waɗannan su ne tsokokin nesa.

Sanin wannan rabe-rabe yana da amfani ga kowa, domin sau da yawa inda naƙasa ta bayyana daban, inda matsalar take daban. Yatsa kan daina lanƙwasuwa saboda yanka a wuyan hannu. Tafin ƙafa kan saki saboda allurar da aka yi a ɗuwawu. Mutane da dama sun rasa amfanin gaɓa saboda an tsaya ana jinyar wurin da ido ya gani.

Jijiya iri uku

Kafin a shiga bayani, akwai buƙatar warware wata kalma. Bahaushe yana kiran abubuwa uku da suna ɗaya, wato jijiya. Akwai jijiyar jini, wadda bututu ce da jini ke gudana a cikinta. Akwai jijiyar laka, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka, ta kuma mayar da labarin zafi ko sanyi ko taɓawa. Sai ta uku, farar igiya mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin wadda mahauta ke cirewa daga nama. Ita ce agara.

Tsoka aiki ɗaya ta iya, shi ne ja. Idan saƙo ya iso mata ta jijiyar laka sai ta tsuke ta gajarce, ta ja agararta, agarar kuma ta ja ƙashi. Ba ta iya turawa. Saboda haka kusan kowane motsi yana da abokin hamayya: tsokar da ke lanƙwasa gaɓa tana gefe guda, wadda ke miƙar da ita tana ɗaya gefen. Agara ita ce ta ba tsoka damar zama nesa tana aiki, kamar yadda mai jan guga ke tsaye a bakin rijiya alhali aikinsa yana can ƙasa.

Hannu: ƙarfi daga sangali, gwaninta daga tafi

Hannu, daga wuyansa zuwa kan yatsu, yana da ƙasusuwa 27. A sangalin hannu kuwa akwai tsokoki kimanin 20, kuma mafi yawansu hidimar wuyan hannu da yatsu suke yi. Waɗanda ke ɓangaren tafi su ne masu lanƙwasawa, kuma da yawansu sun faro ne daga tudun ƙashin da ke gefen ciki na gwiwar hannu. Waɗanda ke ɓangaren bayan hannu su ne masu miƙarwa, da yawansu daga tudun da ke gefen waje.

A wuyan hannu, igiyoyin agara guda tara suna bi ta wata 'yar matsattsiyar hanya tare da wata babbar jijiyar laka. Takwas daga cikinsu na yatsu huɗu ne, kowane yatsa biyu, ta tara kuma ta babban yatsa ce. Idan wurin ya kumbura, jijiyar lakar ce ke matsuwa, sai mutum ya riƙa jin dindiris da tsattsaki a babban yatsa da manuniya da na tsakiya, musamman da dare. Mata masu juna biyu da masu ciwon sukari sun fi saurin gamuwa da wannan.

Hikimar wannan tsari a bayyane take. Da a ce tsokokin da ke ba hannu ƙarfin riƙe ƙotar gatari a cikin yatsu suke, da kaurin yatsun ya hana su shiga aljihu, balle su saka zare a allura. Da aka ajiye nauyin a sangali, sai yatsu suka samu ƙarfi ba tare da sun rasa sirantarsu ba. Ƙananan tsokokin gida da ke cikin tafin hannu su kuma suka ɗauki aikin gwaninta: ware yatsu da haɗe su, kai babban yatsa ya taɓa kan sauran, daidaita alƙalami. Manomi da fartanya ya fi dogara da tsokokin nesa, mai ɗinkin hula kuwa yana buƙatar duka biyun su yi aiki tare.

Ana iya gwada wannan cikin sauƙi. Idan mutum ya lanƙwasa wuyan hannunsa gaba har iyaka, sannan ya yi ƙoƙarin damƙe wani abu, zai tarar riƙon ba shi da ƙarfi, domin igiyoyin sun yi sako-sako. Wannan ne ya sa duk lokacin da aka yi damƙa mai ƙarfi, tsokokin bayan sangali suke ɗan ɗaga wuyan hannu baya su tsayar da shi. Shi ne kuma dalilin da ya sa kafinta da makaniki da mai yawan daka suke kukan ciwo a gefen waje na gwiwar hannu, alhali da yatsu suke riƙon. Tushen tsokokin ne a can ya gaji.

Ƙaramin yanka, babbar asara

Wuƙa ta zame a lokacin fiɗar layya, ko gilashi ya yanki wuyan hannu, ko bakin kwanon rufi ya ratsa gindin yatsa. Raunin ƙarami ne, jini ya tsaya, an ɗinke fata a shagon magani. Bayan kwanaki sai a lura yatsa ɗaya yana tsaye a miƙe, ya ƙi bin 'yan uwansa idan an dunƙule hannu. Abin da ya faru shi ne agarar ta tsinke, kuma tsokar da ke can sama ta janye guntun da ke haɗe da ita. Bakunan biyu sun rabu, ba za su haɗu da kansu ba, kuma tausa ko shafa mai ba sa mayar da su.

Gyaran wannan rauni aikin tiyata ne, kuma ya fi yin kyau idan an yi shi cikin kwanakin farko. Idan aka ɗauki makonni, tsokar kan gajarce, hanyar da agarar ke bi kuma ta toshe da tabo, sai aikin ya koma na dashe. Yankin da ya kama daga tsakiyar tafin hannu zuwa tsakiyar yatsa ya fi ko'ina wuyar gyara, domin igiyoyi biyu ne ke zamewa a cikin kube ɗaya matsattse. Likitan nan na Amurka, Sterling Bunnell, wanda littafinsa kan tiyatar hannu ya fito a 1944, ya yi fice wajen gargaɗin likitoci game da wannan yanki. Ko a yau da dabarun ɗinki suka inganta, nasara tana rataye ne da atisayen da masu gashin ƙashi ke koya wa majinyaci na tsawon kimanin wata uku.

Idan ana buƙatar dashe, jiki yana da ajiya. Akwai wata siririyar tsoka a sangali wadda agararta ke fitowa fili a tsakiyar wuyan hannu idan aka haɗa babban yatsa da ƙaramin yatsa aka ɗan lanƙwasa hannun. Wasu mutane ba a haife su da ita ba sam, kuma ƙarfin hannunsu bai ragu da komai ba. Saboda haka likitoci kan ciro ta su yi faci da ita a inda ake buƙata.

Haɗari na biyu ya fi shafar yara. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye kusa da gwiwar hannu, aka ɗaure wurin tamau da karare. Tsokokin sangali a cikin wata jaka mai tauri suke wadda ba ta buɗewa. Idan kumburi ya taso daga ciki, ɗauri kuma ya matse daga waje, jini ya daina isa gare su, kuma cikin sa'o'i kaɗan sai su fara mutuwa. Tsokar da ta mutu takan koma tabo ta ƙanƙance, ta ja igiyoyinta, sai yatsu su ƙudundune su dawwama a haka. Likitan Jamus Richard von Volkmann ne ya bayyana wannan naƙasa a 1881, kuma har yau da sunansa ake kiranta.

Ko ɗaurin na maɗorin gargajiya ne ko filastar asibiti, alamomin haɗarin iri ɗaya ne: azabar da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ihu idan aka yi ƙoƙarin miƙar da yatsun, kumburinsu, sanyinsu ko mutuwar jinsu. Da zarar an ga haka, a sassauta ɗaurin a garzaya asibiti a wannan lokacin, kada a bari gari ya waye.

Cutar kuturta ta nuna ɗaya fuskar lamarin. Ƙwayar cutar takan lalata jijiyar lakar da ke bi ta bayan gwiwar hannu, wadda ke ciyar da yawancin tsokokin gida na tafi. Idan suka shanye, tsokokin nesa suka rasa mai daidaita su, sai yatsu su lanƙwashe kamar faratan shaho. Likitan Birtaniya Paul Brand, wanda ya fara aiki a garin Vellore na Indiya a 1946, ya lura cewa tsokokin sangalin waɗannan majinyata lafiyarsu ƙalau. Sai ya riƙa sauya wa agararsu mazauni domin su karɓi aikin waɗanda suka shanye, kuma hannaye da yawa sun dawo aiki ta wannan hanya.

Ido: linzami shida

Kowace ƙwayar ido tana da tsokokin nesa guda shida da ke juya ta a cikin gurbinta. Huɗu miƙaƙƙu ne, sun faro daga can ƙuryar gurbin suka kama farin ido ta sama da ƙasa da dama da hagu. Biyu kuma a karkace suke. Ta saman tana da ban sha'awa: takan taho gaba, ta ratsa wani ɗan zobe na guringuntsi a kusurwar gurbin ta wajen hanci, sannan ta juya baya ta kama idon. Akwai ta bakwai wadda aikinta ɗaga fatar ido ta sama. Tsokokin gida na ido kuwa suna can ciki, su ne ke tsuke baƙin tsakiyar ido idan haske ya yi yawa, su kuma daidaita gani tsakanin kusa da nesa.

Daga cikin tagwayen jijiyoyin laka 12 da ke fitowa kai-tsaye daga ƙwaƙwalwa, har guda uku aka keɓe wa motsin ido. Dalili shi ne dole idanun biyu su sauka a kan abu ɗaya a lokaci ɗaya. Idan mutum ya dubi dama, tsokar waje ta idon dama da tsokar ciki ta idon hagu ne ke ja tare, da ƙarfi daidai wa daida.

Idan daidaiton ya ɓaci, shi ne ake samun harara-garke. A wurin babba, sakamakon shi ne ganin abu biyu-biyu. Idan hakan ya zo farat ɗaya, ko fatar ido ta faɗo, yana iya zama alamar cewa ciwon sukari ko hawan jini ko wata matsala a cikin kai ta taɓa ɗaya daga cikin jijiyoyin nan uku, don haka ba abin jinkiri ba ne.

A wurin yaro lamarin ya sha bamban. Ƙwaƙwalwarsa takan kauce wa ruɗani ta hanyar yin watsi da hoton da karkataccen idon ke aikowa. Idan aka bar shi haka, idon yakan zama rago, ganinsa ya dushe ko da lafiyar ƙwayar ƙalau take, kuma gyara yana ƙara wuya bayan shekara bakwai zuwa takwas. Jariri kan ɗan karkata ido jefi-jefi a watannin farko, amma idan abin ya zarce wata shida, ko ya zama kullum, a kai shi wurin likitan ido. Idan kuma an hangi fari a tsakiyar baƙin idon, a kai shi nan take. Magani kan kasance tabarau, ko rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i domin ragon ya yi aiki, ko tiyatar matsar da mazaunin tsokar a kan farin ido. Saɓanin abin da iyaye da yawa ke tsoro, ba a ciro idon daga gurbinsa a wannan aiki.

Harshe: mai tsaron hanyar numfashi

Harshe ba shi da ƙashi, curin tsoka ne iri takwas. Huɗu na gida ne, su ke sauya masa siffa: su tsawaita shi, su faɗaɗa shi, su naɗe bakinsa. Huɗu na nesa ne, su ke sauya masa wuri. Ɗaya ta taso daga wani ɗan ƙashi mai siffar kofaton doki da ke saman maƙogwaro, tana jan harshe ƙasa. Ɗaya daga wani tsinin ƙashi a ƙarƙashin kunne, tana jan sa baya da sama. Ɗaya daga lallausan rufin baki, tana ɗaga bayansa lokacin haɗiya. Mafi girmansu ta taso ne daga cikin ƙashin haɓa ta bazu a cikin harshen kamar mafici, kuma ita ce ke jawo gindinsa gaba har ya fito waje.

Wannan tsoka ta haɓa tana da wani aikin da rai ya dogara da shi. Da kowane jan numfashi takan ɗan tsuke domin kada gindin harshe ya faɗa baya ya toshe maƙoshi. A cikin barci ƙarfinta yana raguwa. Ga wasu mutane, musamman masu ƙiba da kaurin wuya, hanyar takan rufe gaba ɗaya: minshari mai ƙarfi, sai shiru, sai a farka da shaƙewa, sau da dama a dare guda. Irin wannan barci yana da alaƙa da hawan jini, yana kuma jawo gyangyaɗi da rana, abin da ke da haɗari ga direbobi.

Ga wanda ya suma yana kwance rigingine, harshen kan koma baya saboda wannan dalili. Tun da yake a ɗaure yake da ƙashin haɓa, ɗaga haɓar sama yana jawo shi gaba ya buɗe hanya. Idan mutumin yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, tare da kiyaye wuyansa idan haɗarin mota ne ko faɗuwa. Haka nan mai farfaɗiya ko yaron da ke jijjiga ba zai iya haɗiye harshensa ba, domin tsokokin nan sun riƙe shi. Cusa masa cokali ko yatsa a baki ba ya hana komai, sai dai ya karya haƙori ko ya ƙara toshe numfashi.

Likita kan ce wa majinyaci ya fito da harshensa saboda wannan tsoka biyu ce, dama da hagu. Idan ɓari ɗaya ya yi rauni, lafiyayyen ɓarin sai ya rinjaye shi, harshen ya karkata zuwa ɓangaren mai raunin. Ana duba wannan ga wanda ake zargin ya samu shanyewar ɓarin jiki.

Ƙafa: aiki daga ƙwauri da sha-raɓa

Ƙafa tana da ƙasusuwa 26, kuma tsarinta ya yi kama da na hannu. Tsokokin sha-raɓa sun haɗu a jijiyar agara ta dunduniya, wadda ita ce mafi kauri da ƙarfi a jiki, kuma su ne ke ɗaga mutum a kan yatsunsa su tura shi gaba a kowane taku. Suna kuma matsa jijiyoyin jini su taimaka wa jini ya koma zuciya, shi ya sa doguwar zama a mota ke kumbura ƙafa. Wata tsokar da ke can ƙarƙashinsu ta zagayo ta bayan idon sawu na ciki tana tallafe da bakan tafin ƙafa.

Tsokokin gaban ƙwauri su ke ɗaga tafin ƙafa sama domin yatsu su kauce wa ƙasa. Idan jijiyar lakarsu ta lalace, ƙafar sai ta saki tana reto, mutum ya riƙa ɗaga gwiwa sama sosai yana tafiya, silifa na zame masa. Jijiyar tana iya samun rauni a gefen waje na gwiwa inda take dab da fata, ko a ƙashin baya, ko kuma a ɗuwawu idan allura ta sami babbar jijiyar da ta ratsa wurin. Wannan ne ya sa ma'aikatan lafiya suke yin allurar ɗuwawu a sashen sama ta gefen waje, ƙananan yara kuma a cinya, kuma shi ya sa bai kamata a miƙa yaro ga wanda bai koyi aikin ba.

Akwai irin waɗannan tsokoki a wasu wuraren. Su ne ke ɗaga maƙogwaro sama idan mutum ya haɗiyi abu. Manyan tsokokin da suka lulluɓe gadon baya yawancinsu hidimar kafaɗa da hannu suke yi. Har kunne yana da guda uku, ko da yake mutane kaɗan ne ke iya motsa shi da su.

Abin lura

Duk wanda ya yanke a hannu ko a ƙafa, kafin a rufe raunin a tabbatar kowane yatsa yana lanƙwasuwa a kowace gaɓa, yana miƙewa, yana kuma jin taɓawa. Idan ɗaya ya gaza, a nemi asibitin da ke da likitan ƙashi ko na tiyatar hannu, irin su Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano da asibitocin koyarwa na jami'o'i. Matsalar ido kuma a kai ta sashen ido na asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. A yawancin waɗannan larurori, tsokar kanta tana nan da ranta a farkon al'amari, kuma abin da ke raba wanda ya warke da wanda ya naƙasa shi ne yawan kwanakin da aka ɗauka kafin a je asibiti.